Dogo da gajere a gwajin huhu: yaya lita 3.9 ta gaza, 3.4 ta wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 38, ina aiki a wata masana'anta a Kakuri. An kawo masu gwajin lafiya wurin aikinmu, suka ba mu wata na'ura muka busa. Ni na busa lita 3.9, aka ce huhuna ya gaza, wai kashi 74 cikin 100. Abokin aikina, sa'ana ne, ya busa lita 3.4, aka ce masa lafiya lau, kashi 89. A takarda an sa tsawona santimita 186, nasa 162. Akwai kuma inda aka rubuta mini FEV1/FVC 0.82. Ba na shan taba, ba na tari. Yaya wanda ya fi busa iska zai zama shi ne mai matsala? Ko dai na'urar ba ta yi da dogaye ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka turo alƙaluman yadda suke a takarda, don da su za mu yi maganar, ba da shaci-faɗi ba.

Na'urar ba ta tsani dogaye ba, kuma ba da abokinka ta gwada ka ba. Kai ta gwada ka da lafiyayyun maza 'yan shekara 38 masu tsawon santimita 186, shi kuma da masu 162. In ku biyun kuka je wurin tela, yadi huɗu zai ishe shi kaftani da wando har a rage ƙyalle, kai kuwa ko huɗu da rabi aka yankar maka, sai wandon ya tsaya a ƙwauri. Yadinka ya fi nasa yawa, amma nasa ne ya wadatar. Matsayin lita 3.9 ke nan a ƙirjin mutum mai tsawonka.

Ɗauko takardar mu duba tare. Inda aka rubuta FVC, wannan ita ce dukkan iskar da ka iya fitarwa da ƙarfi bayan ka cika ƙirjinka maƙil, tun daga farkon busa har inda babu sauran abin da zai fito. Ita ce 3.9 ɗin. FEV1 kuma abin da ya fita a sakan ɗaya na farko kaɗai. A gefensu za ka ga wani layi da aka rubuta Pred a samansa. Wannan shi ne abin da ake sa ran mai irin tsawonka da shekarunka da jinsinka zai busa. Tunda 3.9 ta ba ka kashi 74, to wajen lita 5.3 aka sa maka rai. Abokinka kuwa wajen 3.8. Tsawo da shekaru da jinsi su ne ginshiƙan wannan lissafi, kuma tsakanin maza biyu sa'o'in juna irinku, tsawo ne kaɗai ya rage ya bambanta su.

Dalilin a jikin mutum yake. Huhu yana zaune ne a cikin haƙarƙari, ya cika wurin tun daga gindin wuya har zuwa shamakin naman nan da ya raba ƙirji da ciki. Iya girman wurin, iya girman huhun. Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1846 wani likitan tiyata a Landan mai suna John Hutchinson ya fitar da sakamakon awon da ya yi wa mutane fiye da 2,000, cikinsu har da sojoji da matuƙan jirgin ruwa da 'yan sanda da 'yan dambe. Na'urarsa wata ganga ce da aka kifa a cikin ruwa, mutum ya busa ta tiyo, gangar ta ɗaga, a karanta inda ta tsaya. Abin da ya fi komai yi masa hasashen yawan iskar mutum shi ne tsawo, ba kewayen ƙirjin da ake aunawa da tef ba. Ya samu cewa tsakanin ƙafa 5 da ƙafa 6, kowane inci ɗaya na ƙarin tsawo yana zuwa da ƙarin iskar da a awon yau ta kai wajen mililita 130, wato kusan 50 a kan kowace santimita. Na'urar ta canza, yanzu ga ta nan a tafin hannu an jona ta da kwamfuta, amma maganar tsawo tana nan inda ya bar ta.

Ka lura da wani abu a alƙaluman ku biyun. Ka fi shi da santimita 24, wato wajen kashi 15 cikin 100. Amma abin da ake sa ran ka busa ya fi nasa da kusan kashi 40. Haka abin yake, domin ƙirjin dogo ba tsawo kaɗai yake ƙarawa ba, yana ƙara faɗi daga hagu zuwa dama, yana ƙara zurfi daga gaba zuwa baya. Shi ya sa a ma'aunan da muke aiki da su yanzu, ƙarin kashi 1 a tsawo yana kawo ƙarin kashi 2 da ɗoriya a abin da ake tsammani. Ka riƙe wannan da kyau, don shi ne ke mai da ƙaramin kuskuren awo ya zama babban kuskure a sakamako.

Nauyi ba ya cikin lissafin. Mutum in ya yi ƙiba huhunsa ba ya ƙara girma, sai ma teɓa ta tokare shamakin nan daga ƙasa ta rage masa wuri. Ko a ɗakin kulawa ta musamman, in za a ɗora mara lafiya a kan injin numfashi, ba kilonsa ake dubawa a yanke yawan iskar da injin zai riƙa tura masa ba. Tef ake ɗaukowa a auna tsawonsa yana kwance. Namiji mai kilo 120 da mai kilo 65, matuƙar tsawonsu ɗaya, huhunsu kusan girma ɗaya ne.

To, da kana zaune a gabana, tambayar da zan fara yi maka ita ce: 186 ɗin nan, wa ya auna, kuma yaya aka auna? Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a irin wannan gwaji na taron ma'aikata shi ne, layi ya yi tsawo, rana ta take, sai mai gwajin ya ɗaga kai ya ce "tsawonka nawa?", ya shigar da abin da aka gaya masa. Mutane kuma sun fi ƙara wa kansu fiye da ragewa, musamman maza da masu manyan shekaru. Wani abin da ke kan lasisinsa na tuƙi zai faɗa, shi ma a ranar da aka rubuta ba auna shi aka yi ba. Wani da ƙafa da inci ya san nasa. Ƙafa 5 da inci 7 santimita 170 ne, amma in mai juyawa ya ɗauke shi a matsayin ƙafa 5.7, kusan 174 zai fito masa. Wani kuma an auna shi ɗin, amma da takalmin aiki mai kaurin ƙasa a ƙafa, ko da zanna a ka. Mata kuma ɗaurin ɗankwali ko tulin gashi a ƙarƙashin hijabi ke ƙara musu abin da ba nasu ba.

Mu ƙaddara tsawonka na gaskiya 181 ne, takalmi da hula da ɗan cikon baki suka kai shi 186. In aka gyara wannan lamba ɗaya, Pred ɗinka zai sauko daga 5.3 zuwa wajen 5.0, sai 3.9 ɗinka ta tashi daga kashi 74 zuwa wajen 78. Huhun bai canza ba, busar ba ta canza ba, amma hukuncin ya matsa har bakin iyaka. Na ga mutanen da aka ɗaga wa hankali a kan santimita huɗu ko biyar da ba su taɓa mallaka ba, kuma akasin haka ma yana faruwa: a rage wa mutum tsawo, cutar da ke jikinsa ta ɓoye a bayan sakamako mai kyau.

Ga yadda ake yi. Ka cire takalmi da hula. Ka tsaya a kan daɓe, ba kan tabarma ko kafet ba. Ka haɗa diddige, ka jingina diddigen da mazaunai da kafaɗu a jikin ma'aunin. Kada ka ɗaga haɓa. Da yawa suna zaton ɗaga haɓa yana ƙara tsawo, alhali sauke tsakar kai yake yi. Ka dubi gabanka sak, yadda ƙasan idonka da ramin kunnenka za su daidaita a layi ɗaya. Mai awo ya sauko da allon ya danne gashi har ya taɓa ƙoƙon kai, ya daidaita idonsa da lambar, in ta kama ya hau kujera ya hau, sannan ya rubuta har da ɗigo, kamar 181.4, ba "wajen 180" ba. Mace kuma a samo mata mace 'yar'uwarta ta auna ta a keɓe, ta kwance ɗauri, ta sauke gashin. Duka-duka minti ɗaya ne. Ƙa'idar gwajin da ƙungiyoyin likitocin huhu na Amurka da na Turai suka sabunta a 2019 haka ta tanada: ba takalmi, kuma a rubuta santimita har da lamba ɗaya bayan ɗigo.

Ko an auna daidai, magana ba ta ƙare ba. Tsawon tsaye ya haɗa da ƙafafu, ƙafafu kuwa babu huhu a cikinsu. Ka sami mutum biyu masu 186, ka zaunar da su a benci ɗaya, sai ka ga kan ɗaya ya ɗara na ɗaya da yatsu uku ko huɗu. Wanda tsawonsa a ƙafa yake, gangar jikinsa gajeriya, zai iya gaza abin da lissafi ya sa masa rai ba tare da wata cuta ba. Wannan ƙira ta dogayen ƙafafu da siririn ƙirji ba baƙuwa ba ce a wurinmu. An daɗe da sanin cewa, in aka ɗauki matsakaici, mutanen da asalinsu Afirka ne sun fi Turawa tsawon ƙafa in aka gwada da gangar jiki, kuma wannan yana bayyana wani ɓangare na bambancin da ake gani a gwajin huhu. Wani ɓangare na ce, ba duka ba.

A nan maganar ma'auni ta shigo, kuma a nan gizo ke saƙa. Pred ba daga sama yake faɗowa ba. An auna lafiyayyun mutane ne a wasu wurare, aka fitar da lissafi, aka zuba a cikin na'urar, kuma na'ura ɗaya takan zo da ma'aunai da yawa, mai gwaji ya zaɓa. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne GLI na 2012, wato ma'aunin da wani kwamitin masana huhu na ƙasa da ƙasa ya fitar, wanda aka gina da sakamakon lafiyayyu marasa shan taba fiye da 74,000 daga ƙasashe 26, 'yan shekara 3 zuwa 95. An raba shi rukuni-rukuni: Turawa, baƙaƙen fatar Amurka, mutanen arewa maso gabashin Asiya, na kudu maso gabashinta, sai na "sauran". Babu rukunin mutanen Afirka kudu da Sahara. A tsawo ɗaya da shekaru ɗaya, abin da ake sa wa baƙar fatar Amurka rai ya gaza na Bature da wajen kashi 15. Ka ga ke nan, da ma'aunin Turawa aka danna maka, wajen lita 5.8 za a nema a wurinka, ka zama kashi 67. Da na baƙaƙen Amurka ne, wajen 4.9, ka zama kashi 80. Mutum ɗaya, busa ɗaya.

A 2022 aka fitar da wani sabon ma'aunin GLI na haɗaka wanda ba ya tambayar launin fata, kuma a 2023 ƙungiyar likitocin huhu ta Amurka ta ba da shawarar a koma kansa. Hujjarsu ita ce, wani kaso na wannan tazara ba halitta ba ce, talauci ne da ƙarancin abinci a yarinta da hayaƙi da cututtuka, kuma in ka ce ƙarancin iska shi ne daidai ga baƙar fata, ka rufe ido ga ciwon da ya kamata ka gani. Lita 5.3 ɗinka ta fi kama da ta wannan ma'aunin haɗakar. Ka duba ƙasan takardar ko samanta, galibi akan buga sunan ma'aunin a can. A nan gida ma an yi aiki: tun 1971 Femi-Pearse da Elebute suka wallafa awon lafiyayyun 'yan Najeriya daga Legas, wasu kuma suka biyo baya.

Ni dai matsayina a fili yake. Ba na yarda a ce wa ɗan Kaduna "haka huhun baƙar fata yake" a sallame shi ba a bincika ba. Ba na kuma yarda a hana mutum aiki ko a hana shi barci saboda wata lamba da aka samo daga jikin mutanen wata nahiya. In sakamako yana bakin iyaka, jikin mutum da tarihinsa da hoton ƙirjinsa su ne za su raba gardama.

Akwai wani gefe na wannan magana da ke damuna ƙwarai, ko da yake bai shafe ka kai tsaye ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Yaron da tamowa da gudawa da ciwon haƙarƙari da hayaƙin itace suka tauye, zai girma gajere da ƙaramin huhu. In ya zo gwaji yana ɗan shekara 30, lissafi zai iya ba shi kashi 95, domin an gwada shi ne da tsawon da ya samu, ba wanda ya kamata ya kai ba. Huhu yana gama ginuwa ne tsakanin shekara 20 da 25, daga nan sai raguwa a hankali. Abin da ba a gina ba kafin lokacin, ba a dawo da shi. Saboda haka duk mai son 'ya'yansa su girma da ƙirji mai ƙarfi, ya kula da nono da abinci da allurar rigakafi, ya kuma nisanta su da madafa mai hayaƙi da janareta a bakin taga.

Sai waɗanda tsawonsu na tsaye ba ya faɗin gaskiyar girman ƙirjinsu. Daga wajen shekara 40 mutum yakan fara raguwa, kusan santimita ɗaya a shekara goma, abin ya ƙara sauri a tsufa, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Ka ɗauki gyatumar da take 158 a ƙuruciyarta, yanzu ta ranƙwafa an auna ta 148. In aka shigar da 148, abin da ake sa mata rai zai sauka da wajen kashi 14, sai takarda ta ce lafiya, ita kuwa ba ta iya kaiwa bakin ƙofa sai ta tsaya ta huta. Haka mai doro ko ƙusumbi, wanda a wurinmu sau da yawa tarin fuka ne ya ci ƙashin bayan, haka wanda ƙashin bayansa ya karkace, da wanda shan inna ta naƙasa, da wanda aka yanke wa ƙafa. Irin waɗannan gabarsu muke aunawa. Mutum ya jingina da bango ya buɗe hannuwansa biyu daidai kafaɗa, a ja tef daga kan yatsan tsakiya na wannan hannu zuwa na wancan. Ƙashin hannu ba ya raguwa da tsufa. Sai dai a wurin mutanenmu gaba takan ɗara tsawo da 'yan santimitoci, don haka ba a ɗauka a shigar haka nan, akwai lissafin da ake juya ta da shi. Wanda ba ya iya miƙe hannu kuma, a auna ƙashin damtsensa na ƙasa, daga tsinin gwiwar hannu zuwa ƙullin nan na wuyan hannu ta gefen ƙaramin yatsa. Ko wanne aka yi, a rubuta a takarda don likitan da zai karanta ya sani.

Yara kuwa a auna su a ranar gwajin, kada a ɗauko tsawon wata shida da suka wuce. A lokacin balaga ƙafafu ke fara miƙewa, ƙirji ya biyo baya, don haka saurayin da ya yi tsawo farat ɗaya yakan ɗan gaza a gwaji na wani lokaci. Masu sikila su ma a karanta nasu da natsuwa, domin cutar tana jinkirta girma kuma tana taɓa huhun kansa.

Mu koma kan 0.82 ɗinka, don albishir ne. Wannan lamba FEV1 ce aka raba da FVC, wato wane kaso na iskarka ya fita a sakan na farko. Tsawo ba ya tasiri a kanta sosai, tunda dogo yana ƙara duka biyun ne, na sama da na ƙasa. In ta yi ƙasa, kamar ta gaza 0.70 ga mai shekarunka, sai mu yi zargin hanyoyin iska sun ƙuntata, irin abin da ake gani a asma, ko lalacewar huhu ta dalilin taba da hayaƙi. Taka lafiya take. Iska tana fita da sauri yadda ya kamata. Abin da ya rage shi ne jimillar ce ta yi kaɗan.

Kuma abin da ya fi kawo haka ba cuta ba ce, busa ce ba ta cika ba. Gwajin nan aiki ne na mutum biyu. Kana zaune a miƙe, an matse maka hanci, ka kama bakin bututun da leɓe ba wurin da iska za ta zurare. Mai gwajin ya ce "ja, ja, cika, ƙara!", sai "busa!", ka sake ta gaba ɗaya, shi kuma ya tsaya a kanka yana "ci gaba, ci gaba, saura, saura!" har fuskarka ta yi ja, jijiyoyin wuya su fito, layin da ke kan kwamfuta ya kwanta ya daina hawa. In ba a ji muryar mai gwaji daga ɗaki na gaba ba, da wuya in an yi shi yadda ya kamata. Ana bukatar busa uku masu kyau, kuma biyun da suka fi girma kada su bambanta da fiye da mililita 150. Ana iya maimaitawa har sau takwas. Dogo mai babban ƙirji shi ya fi bukatar a tsaya a kansa, don iskar da zai ja da wadda zai fitar sun fi yawa. In sau ɗaya ko biyu ka busa aka ce "na gaba", to ba a gama auna ka ba.

In an sake, tsawo daidai, busa daidai, lambar kuma ta tsaya a nan, sai mu nemi dalili. Tabon tsohon tarin fuka yana kan gaba a ƙasarmu, har ga wanda ya sha magani ya warke shekaru da suka wuce. Akwai ƙurar wurin aiki, musamman ta dutse da yashi, wadda ke sa huhu ya yi tauri a hankali, sau da yawa ba tari ba zazzaɓi a farko. Akwai ruwa ko kauri a rigar huhu, da teɓa, da raunin tsokar numfashi, da ciwon zuciya. Ƙurar auduga, wadda Kakuri ta sani tun zamanin da masaƙu ke aiki ba dare ba rana, ita ta fi ƙuntata hanyoyin iska, kuma alamarta ita ce ƙirji ya ɗaure a ranar farko ta komawa aiki bayan hutun mako. Ka sani kuma na'urar busa ba ta iya auna iskar da ke saura a huhu bayan ka gama fitarwa. Don haka ita kaɗai ba ta isa ta tabbatar huhu ya tsuke ba, sai dai ta nuna alama. Tabbatarwa sai da gwajin dukkan girman huhu, wanda ake yi a wani ɗan ɗaki na gilashi da mutum ke shiga ya zauna, kuma ba ko'ina ake da shi ba.

Game da iyakar kashi 80 da ake yawan faɗa, tsohuwar al'ada ce, ba ta dace da kowa ba. Ga mai shekarunka ta yi kusa da gaskiya, amma ga dattijo ɗan 80 iyakar takan sauka wajen kashi 70. Shi ya sa sabbin takardu ke kawo LLN, wato ƙasan iyakar lafiya ga mai tsawonka da shekarunka, da kuma makin z, wato lambar da ke nuna nisan sakamakonka daga matsakaicin na lafiyayyu irinka. In makin bai gaza -1.645 ba, yana cikin iyaka. Daga nan zuwa -2.5 raguwa ce mai sauƙi, kuma a nan nake sa ran naka zai faɗo in alƙaluman sun tabbata. Yadda aka ja iyakar ma, lafiyayye ɗaya cikin 20 zai faɗo ƙasanta ba tare da komai na damunsa ba.

Shawarata, kada ka yi watsi da takardar, kada kuma ka ɗauki kanka mara lafiya. Ka je a auna tsawonka da kyau, ka nemi a sake gwajin a ranar da ba ka mura, ba kuma daidai lokacin da ƙurar hunturu ta kama maka maƙogwaro ba. Ka sa tufa mai sakewa, kada ka cika ciki, kada ka yi aikin ƙarfi awa ɗaya kafin gwajin. Masu shan taba ko shisha su ma su dakata aƙalla awa ɗaya. In sakamakon ya maimaita kansa, ka kai takardun biyu wurin likitan ƙirji a asibitin koyarwa, ko Barau Dikko a nan cikin gari ko na Shika a Zariya, a ɗauki hoton ƙirji, ka kuma gaya masa dalla-dalla irin abin da kake shaƙa a wurin aiki da shekarun da ka yi kana shaƙarsa.

Wasu abubuwa ba sa jiran maimaita gwaji. Tarin da ya wuce mako biyu, zufar dare, rama, ko jini a kaki, a je gwajin tarin fuka kai tsaye, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, haka maganinsa. Tunda kuma dogo ne kai, in siriri ne, ka san cewa dogayen samari sirara sun fi kowa haɗarin huhu ya huje da kansa iska ta taru a ƙirji. Ciwon ƙirji mai suka a gefe ɗaya da ya zo farat ɗaya tare da ƙarancin numfashi, asibiti ne a take, ba kemis ba.

Ka adana takardar, ka ɗauki hotonta a waya. A gwajin baɗi, litocin ne za su fi amfani, ba kason ba, domin a lokacin da kanka za a gwada ka. Lafiyayyen baligi yakan rasa wajen mililita 25 zuwa 30 na FEV1 a shekara. In taka ta faɗi da kashi 15 ko fiye daga inda ka fara, ko da kason yana cikin iyaka, a binciki wurin aikin da kai kanka. In kuma akwai ƙura a sashenku, ka nemi takunkumin da aka yi don ƙura, mai kama fuska ta ko'ina, domin na yadi ko ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙananan ƙwayoyin da ke kaiwa can ƙasan huhu.